Abubuwan mamaki daga samaniyar Malanville

Jama'a, yau ba kasuwa za mu shiga ba. A ɗaga kai sama.

A Malanville jinjirin wata kan fito a kishingiɗe, ƙahoninsa biyu na kallon sama, tamkar kwalekwale a kogin Kwara, saboda garin bai yi nisa da tsakiyar duniya ba. A Turai kuwa galibi a karkace yake fitowa. Kowa da irin kwanciyarsa.

Zara matar wata da Gamzakin asuba abu ɗaya ne: duniya ce mai kewaya rana, wani lokaci ta fito da magariba, wani lokaci da asuba. Ma'aikaci ɗaya, albashi biyu.

Ido kan ƙirga 'ya'yan Kaza shida ko bakwai, amma kyamarar da aka bari a buɗe ta ɗan jima sai ta fito da ɗaruruwa. Ashe uwar ɓoye tsaki take yi.

Hasken nan nasu ya yi fiye da shekara 400 a hanya kafin ya faɗo idonka. Mai jiran mota a tasha, sai ka ƙara haƙuri.

Wata yakan yi ƙato idan yana fitowa daga bayan bishiyoyi, amma ka ɗauki hotonsa a lokacin, ka sake ɗauka da tsakar dare, girman ɗaya ne. Ido ne ke cika baki.

Mai son hoton taurari da waya sai ya jingina ta da dutse, ya bar ta daƙiƙa goma zuwa ashirin ba motsi. Ko tari ka yi, ka ɓata aikin.

Da hunturu hazo kan rina wata ya yi jawur, ya haɗiye ƙananan taurari. Ƙurar Sahara ba ta neman biza a kan iyaka.

Sau biyu a shekara, wajen Afrilu da Agusta, rana kan tsaya daidai tsakar kai a nan, inuwar mutum ta maƙale ƙarƙashin ƙafarsa. Ranar nan ko inuwa ta gudu.

Idan wata ya yi husufi, yara kan fito da gwangwani da kwano suna bugawa don a sake shi, alhali inuwar duniya ce ta rufe shi. Amma dai duk lokacin da suka buga ana sakinsa, to wa zai yi musu da su?