Yadda A Ke Ƙaga Dodon Wasa Daga Ƙashin Dabbobin Dā

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, duk wanda ya fita gwajin koyarwa cikinmu ya san wuyar da a kan sha wajen karantar da labarin dabbobin da su ka shuɗe. Malam ya yi ta magana, yara su yi ta hamma. Amma yaran nan da kansu, in an tashi, sai ka ji waɗansunsu suna musu a kan dodannin wani wasa na ƙasar Japan, kowa ya san sunan nasa da ƙarfinsa. Abin da ni ke so in nuna a nan shi ne yadda za mu ari dabarar wannan wasa mu koyar da abin da ke binne cikin ƙasarmu.

Sunan wasan Pokémon. Wani mutumin Japan, Satoshi Tajiri, shi ya ƙaga shi, ya fito a 1996. Sa'ad da ya ke yaro aikinsa ke nan kamun ƙwari yana tarawa, daga nan tunanin ya zo masa. Mai wasa ya kan yi yawo yana kama dodanni, ya hore su, sa'an nan ya gwabza su da na abokin karawarsa. Da fari dodanni 151 ne, yanzu sun haura 1,000. Kowane yana da gidansa: na ruwa ya kan ci na wuta, na wuta ya ci na ciyawa, na ciyawa kuma ya ci na ruwa, don haka ba wanda ya gagari kowa. Waɗansu daga cikinsu kuwa an kwaikwayo su ne daga dabbobin dā waɗanda gawarsu ta zama dutse.

To, irin waɗannan dabbobi ba sai mun je Japan nema ba. A hamadar Tenere, kudu maso gabas da Agadas cikin ƙasar Nijar, akwai wani wuri wai shi Gadafawa, inda iska ta kan share yashi ƙasusuwa su bayyana a fili. Wani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya yi tono a can tun wajen 1965, daga baya wani Ba'amurke, Paul Sereno, ya je da jama'arsa a 1997 da 2000. Wurin nan da yau ba ɗigon ruwa, wajen shekara miliyan 110 da su ka wuce ƙasar manyan koguna ce da fadamu. Dabbobi uku na wurin sun ishe mu misali.

Na fari wani kada ne da aka sa wa suna Sarcosuchus a 1966. Ƙoƙon kansa kaɗai ya kusa ƙafa 6, tsawonsa duka masana sun ƙiyasta tsakanin ƙafa 30 da 40, bayansa kuma rufe da faya-fayan ƙashi kamar sulke. Yaron Wushishi da ya tashi a bakin kogin Kaduna ba ya bukatar a gaya masa abin da a ke kira kada, sai dai a auna masa ƙafa 30 a filin makaranta ya gani da idonsa. Na biyu Suchomimus, wanda aka ba suna a 1998, mai tafiya da ƙafa biyu, da dogon baki irin na kada, da wani katon farce lanƙwasasshe a babban yatsa, abincinsa kifi. Na uku Nigersaurus, watau ƙadangaren Nijar, an ba shi suna a 1999, shi ne wanda na zaɓa in gina nawa dodon a kansa.

Kafin a fara, doka ɗaya ce tilas a kafa wa yara, ita ce kuma dukan amfanin wasan: kowane ƙarfi da aka ba dodo sai a nuna ƙashin da ya fito daga gare shi. Dodon tatsuniya ba shi da ƙashi, mai ba da labari ya kan ba shi abin da ya ga dama. Namu kuwa sai da shaida. In yaro ya ce dodonsa yana tashi sama, a tambaye shi ina fiffiken. Abin da ƙashi ya nuna a rubuta shi da baƙin tawada. Abin da yaro ya ƙara daga kansa, kamar launin fata ko irin kukan dabbar, waɗanda ƙashi ba ya nunawa, a rubuta da ja. Da haka yaro zai saba rarrabe abin da aka sani da abin da aka zata.

Ga abin da ƙasusuwan Nigersaurus su ka nuna. Tsawonsa wajen ƙafa 30 ne. Bakinsa miƙaƙƙe ne, ya fi sauran kan faɗi, haƙora kuma jere a gaba sahu bayan sahu, sun fi 500. In na gaba ya cinye sai na bayansa ya maye gurbinsa, masana sun lissafa a kan sami sabo kowane kwana 14 ko kusa da haka. Irin wannan baki na mai kiwo ne kusa da ƙasa, mai aske ganyaye masu laushi. Ƙashin kansa kuwa siriri ne ƙwarai har haske ya kan ratsa waɗansu wurare, ƙashin bayansa ma duk ramukan iska ne.

Saboda bakin nan na sa wa dodona suna Magirbi. Kowane dodo a kan ba shi tsakuwa 20, mai shi ya raba su gida huɗu: ƙarfin bugu, garkuwa, gudu, da juriya. Magirbi na ba shi bugu 3, don haƙoransa na yankan ganye ne, ba na faɗa ba, sai dai ya yi duka da wutsiya, wannan kuwa da ja na rubuta shi. Garkuwa 4, don ba shi da sulke, kansa kuma ba ƙwari. Gudu 5, juriya 8 saboda girman jiki. Baiwarsa ta musamman ita ce sabon haƙori: bayan kowane zagaye a kan mayar masa da tsakuwa ɗaya ta juriya. Abokin karawarsa, Sarkin Kada, bugu 9, garkuwa 7, gudu 1, juriya 3. Duka biyu in ka tara 20 ne, ba wanda aka cuta.

Yadda a ke karawa kuwa, a kan jefa ƙuri'a a san filin faɗa, ko kogi, ko gaɓa, ko tudu. Wanda aka faɗa gidansa ya sami ƙarin tsakuwa 3, ya sa inda ya so. Wanda ya fi gudu shi ke fara bugu. A ɗebe garkuwa daga bugu, abin da ya rage a cire daga juriyar wanda aka buga, in ba abin da ya rage a cire ɗaya. A ce an faɗa kogi. Sarkin Kada ya ƙara 3 a bugunsa ya zama 12, a ɗebe 4 saura 8, cizo ɗaya Magirbi ya kwanta. A ce kuma an faɗa tudu. Magirbi ya ƙara 3 a garkuwarsa ta zama 7, cizon kada bai cire masa sai 2, sabon haƙori ya mayar da ɗaya, shi kuwa yana rage wa kada ɗaya ɗaya har ya ƙare a zagaye na uku. Ƙarfin kada a ruwa ya ke, yaro ya gani da tsakuwa a hannunsa, ga lissafi ya yi bai sani ba. Suchomimus, wanda gidansa gaɓa ne, na bar wa mai karatu ya raba masa tsakuwarsa, ya kuma raɗa masa suna.

Kayan aiki ba su da tsada: kwalin sabulu a yanka, fensir, jan tawada da baƙi, tsakuwa daga bakin kogi. A raba aji ƙungiya ƙungiya, kowace ta zana dodonta a gaban kati, a bayansa ta rubuta sunan dabbar gaskiya, inda aka tono ta, da shekarunta. Kada a yarda kati ya shiga wasa sai ƙungiyar ta tsaya gaban aji ta kare kowace tsakuwa da hujja. Musun da za a yi a nan ya fi faɗan kansa amfani.

In yara sun ƙware, malam ya kawo musu na gida. A ƙasar Sakkwato an sami ƙashin wani katon ƙadangaren teku, aka fara bayyana shi a 1930, a 1972 kuma masana daga Italiya su ka sa masa suna Goronyosaurus, don a yankin Goronyo aka tono shi. Ya rayu wajen shekara miliyan 70 da su ka wuce, lokacin da teku ta rufe wannan yanki. Sai a tambayi aji: me ya kai dabbar teku Goronyo? Kuma za ta iya karawa da Magirbi, alhali shekara miliyan 40 ke tsakaninsu? Kusa da Ingal kuma akwai Jobaria, wanda aka ba suna a 1999 daga Jobar, wata halitta ta cikin labarun Buzaye. Ashe masana ma su kan ari suna daga bakin mutanen ƙasa, to, yaranmu ba su yi laifi ba in sun raɗa wa nasu sunan Hausa, ko na Nufanci, ko na Gwari.

Ina roƙon waɗanda za su fita gwajin koyarwa su jarraba wannan wasa ko da sau ɗaya, su kuma aiko da katunan da yaransu su ka zana domin a buga mafi kyau cikin wannan mujalla.