Shirin Musamman: Ina Man Raksha Yake Tafiya?

Shirinmu na yau ya yada zango a Mayo, unguwar da ke kudancin Khartum, inda jikokin Hausawan da suka bi hanyar Makka ta ƙasa ke zaune da sauran al'ummomin Sudan. A nan, haka ma a Omdurman da ke tsallaken kogi, abin hawan talaka shi ne raksha, keken nan mai ƙafa uku da Kanawa ke kira Adaidaita Sahu, akasari ƙirar Bajaj ta Indiya. Tsofaffin cikinsu ba sa ɓuya: ga ƙara mai ratsa kunne, ga shuɗin hayaƙi na bin bayansu. Ɗan'uwa mai raksha, kasa kunne, domin a cikin hayaƙin nan akwai man da ka saya da guminka.

Injin tsohuwar raksha mai bugu biyu ne. Fistin ya hau, ya sauko, wuta ta tashi, haka a kowane zagaye. Ba shi da bawul. Ramuka ne a jikin silinda, fistin ɗin da kansa yake buɗe su yana rufewa. Kafireta tana gauraya fetur da iska, wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur a nauyi, haɗin ya fara sauka ƙasan inji wajen karanshaf, sannan a tunkuɗo shi sama. Tunda ta nan yake bi, babu wurin ajiye baƙin mai a ƙasan, shi ya sa ake zuba shi cikin fetur. Wani Baturen Ingila, Joseph Day, shi ya yi wa wannan tsari rajista a 1891.

To, ga inda gizo ke saƙar. A ɗan ƙiftawar da fistin yake ƙasa, ƙofar shiga da ta fita duk a buɗe suke, kuma sabon haɗin ne zai kori tsohon hayaƙi. Kamar mai son fitar da gurɓataccen ruwa daga randa ta hanyar kwarara sabo a ciki ne: dole wani sabon ya malale. A tsofaffin injuna, abin da ke sulalewa ta salansa bai ƙone ba yakan kai rubu'in man, wani lokacin har ya wuce.

Da farko an yi wa kan fistin tozo don ya karkata haɗin sama, sai dai tozon yana da nauyi, yana kuma tara zafi. A 1926 Bajamushe Adolf Schnürle ya daidaita kan fistin, ya karkata ramukan shiga suka ba ƙofar fita baya, ta yadda haɗin zai hau bango, ya kewayo ta ƙarƙashin fulogi, ya koro hayaƙin. Kamfanin DKW ya ɗauki dabarar a farkon shekarun 1930, kuma har yau a kanta ƙananan injunan ke tafiya. Asarar ta ragu, amma ba ta ƙare ba, har ta kai birnin Dhaka na Bangladesh ya haramta irin waɗannan kekuna a Janairun 2003.

Wanda raksharsa ce abincin gidansa ba zai jingine ta don hayaƙi ba, kuma ba na ganin laifinsa. Amma akwai abin da ke hannunsa. Baƙin mai a auna shi yadda kamfani ya ce, galibi mililita 20 zuwa 30 a kowace lita, kuma ya zama na injin bugu biyu. In ya yi yawa, fulogi ya jiƙe, gawayi ya toshe ƙofar fita. In ya yi kaɗan, inji ya buga. Bayan guguwar habub kuwa, a wanke matatar iska, domin in ƙura ta shaƙe ta, kafireta fetur za ta riƙa zuƙa fiye da kima.

Sai salansa, wadda samari ke farke cikinta don ƙara. A shekarun 1950 injiniya Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas ya nuna cewa siffar salansa tana iya mayar da haɗin da ya tsere cikin silinda kafin ƙofa ta rufe. Ta raksha ba irin ta baburan tsere ba ce, amma da injinta aka auna ta. A kai wa bakanike ya kankare gawayin, a bar cikinta yadda yake.