Talabijin da Masu Ciyar da Shi: Misali daga Wudil

Wanda ya san kasuwar shanu ta Wudil, wadda ke ci kowace Jumma'a, ba zai sha wuyar gane sha'anin talabijin ba. A kara akwai mai dabba, akwai mai saye, akwai dillali a tsakani. To, haka abin yake a talabijin, sai dai mai kallo yakan zaci shi ne mai saye, alhali kuwa sau da yawa shi ne hajar. Tasha takan tara jama'a da wasa ko waƙa, sa'an nan ta sayar wa kamfani hankalinsu, minti kaza kuɗi kaza, don ya yi tallar sabulu ko dunƙulen miya ko layin waya.

Tun asali ma ba a raba abin da ciniki ba. An buɗe tashar farko ta ƙasar nan a Badun cikin 1959. Ta Kaduna ta biyo baya cikin 1962, Gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa jari da kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI. Cikin 1977 Gwamnatin Tarayya ta tattara tashoshi ƙarƙashin NTA. Muddin gwamnati ce ke biya, wasannin kwaikwayo irin su Samanja sun kasance raha ce gauraye da gargaɗi.

Zuwan kaset ya sake lale. Daga fitowar Turmin Danya a Kano cikin 1990, jari ya koma hannun 'yan kasuwa, musamman na Ƙofar Wambai, su kuwa abin da zai shiga kasuwa suke so, watau soyayya da rawa da waƙa irin na finafinan Indiya. Masu sukar 'yan fim sukan manta da wannan. Ko Arewa24, wadda ta fara cikin 2014 ta kawo Daɗin Kowa, da gudummawar Gwamnatin Amurka aka kafa ta, daga baya ta koma dogara ga talla.

Amma inda al'amarin ya fi fitowa sarari shi ne gidan kallon ƙwallo. A Wudil, kamar sauran garuruwa, mutum zai kafa rumfar kwano, ya jera benci, ya sayi janareta da faranti mai kama tauraron ɗan Adam. Ran da Arsenal za ta kara da Chelsea, sai ka ga ɗaliban Jami'ar Aliko Ɗangote da 'yan acaɓa da yaran mahauta sun cika wurin maƙil, kowa ya biya a bakin ƙofa. Bari mu bi sawun kuɗin nan. Kashi guda ya tafi ga man fetur. Kashi guda ya tafi ga DStv, mallakar MultiChoice ta Afirka ta Kudu, wadda kamfanin Canal+ na Faransa ya karɓe ragamarta cikin 2025. Ita kuma ta biya hukumar gasar Firimiya ta Ingila maƙudan kuɗi don izinin nuna wasan. Ashe ke nan, cinikin da yaro ya yi a kara da hantsi, wani abu daga cikinsa a London zai kwana. Abin da ya rage wa mai rumfa bai taka kara ya karya ba, ga shi kuwa shi ke shan zagi in hoto ya ɗauke ana tsakiyar bugun fanareti.