Me Ya Sa Kindirmo Ke Tsinkewa Idan Ya Kwana?

Masu saurare, kun san rigimar da ake yi a Kasuwar Dole nan Damagaram: mutum ya sayi kindirmo da safe, da la'asar ya ga ruwa ya taso sama, sai ya ce mai nono ta yi algus. To, sau da yawa ba haka ba ne.

Madara ruwa ce da mai ke yawo a cikinta, ƙwayoyi mitsi-mitsi da ido ba ya gani. Idan Bafillatana ta dafa madara ta huce, ta zuba ɗan nonon jiya, wasu ƙwayoyin halitta masu amfani ta shuka. Su ke cin zaƙin madarar su maida shi tsami, tsamin ya daskarar da ita kamar raga mai riƙe mai da ruwa wuri guda. Wasunsu har yauƙi suke fitarwa, mai ƙara kauri. Irin wannan aiki ne masana a Amurka suka gano a wata ƙwayar halitta a shekarun 1950, suka samu sinadarin zantan da kamfanoni ke sa wa abinci don kada ya rabu.

Sai dai ƙwayoyin nan ba su san an gama ba. A watan Afirilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, aikinsu ƙaruwa yake. Tsami ya yi yawa, ragar ta matse, ta tatso ruwan. Ga jijjigar kabu-kabu daga ƙauyukan Mirya zuwa birni, ita ma tsinka ta take. Ai da gangan ma ake kaɗa nono a gora don man shanu ya ware.

Saboda haka ruwa mai ɗan rawaya a sama tsufa ne, a juya a dama fura. Amma in leda ta kumbura, ko ya yi ɗaci, wari ko fumfuna, a zubar, kada a ce a ba yara don gudun asara.

Masu sayarwa, a rufe ƙwarya, a ajiye ta a inuwa kusa da randa, a lulluɓa jiƙaƙƙen buhu. Ƴan uwanmu na Faransa da Libiya masu firji kuwa, sanyi ya isa. In ya zama ƙanƙara, da ya narke zai tsinke.