Birnin Damagaram: gadon kakanni yana neman masu riƙo

A farkon watan Satumba na shekara ta 2024, ruwan sama mai ƙarfi ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram. Ginin ƙasa ne da aka yi tun tsakiyar ƙarni na 19, ya tsaya shekara sama da 170 kafin damina guda ta kwantar da shi. Labarin ya sosa zukata har Magarya da Dungas, domin tarihin garuruwan nan ɗaure yake da na Birni.

A ƙarni na 19, ƙasashen Sosebaki, wato Dungas da Waca da Mirriya, sun shiga ƙarƙashin ikon sarkin Damagaram. Har gobe fatake daga Magarya suna bin hanyar kilomita kimanin 90 zuwa kasuwar Dole, ma'aikata kuma suna kai takardunsu ofisoshin jaha. Amma da yawa cikinsu sukan gama sha'aninsu su juya ba su leƙa cikin Birni ba.

Alhali kuwa akwai abin kallo. Da farko ga fadar sarki da babbar ƙofarta, inda dogarai suke zaune da jajayen riguna. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya ɗaukaka garin: ya kewaye shi da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa, ayarin raƙuma kuma suna zuwa daga Tarabulus su wuce Kano. Ganuwar ta zube, sai ɗan abin da ya rage. A lungunan Birni, tsakanin manyan duwatsu, akwai gidajen ƙasa masu zanko da zane a fuskar soro, aikin magina na gado. Nan ne matafiyin Jamus, Heinrich Barth, ya sauka a ƙarshen 1852.

Daga arewa ga Zango, masaukin Buzaye da fatake, inda attajiri Malam Yaro ya yi zamaninsa. A Damagaram aka kashe kyaftin ɗin Faransa Kazamaju a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 aka gwabza a Tirmini, Nasara suka ci garin. Daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin ƙasar Nijar, kafin a mai da shi Yamai. Ga kuma dukawa masu aikin fata, da hawan salla, da hawan ƙaho, da wasan kara.

Yadda wasu suke riƙon irin wannan gado abin koyi ne. A Paris, babban birnin Faransa, gobara ta cinye rufin majami'ar Notre-Dame a watan Afrilu na 2019. Nan take attajirai da talakawa suka zuba gudummawa, kafintoci da masassaƙan dutse suka duƙufa, aka sake buɗe ta a Disamba na 2024. Mutanen can sun san tsofaffin gine-gine su ke jawo baƙi, baƙi kuwa su ke cika aljihun mai masauki da mai mota da mai sana'ar hannu.

Tun 2006 Nijar ta gabatar da Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su. Agadas ta samu shiga a 2013, kuma abin da ya taimake ta shi ne tsohon garinta yana nan tsaye. Ginin ƙasa ba ya son sakaci: yana bukatar yaɓe kafin damina, da gyaran indararo, da hanyar da ruwa zai bi. Inda aka rushe soro aka kafa siminti, an rasa abin da kuɗi ba su mayarwa.

Aikin bai fi ƙarfin jama'a ba. Attajirin Magarya da yake gina kanti zai iya ɗaukar nauyin yaɓen soro guda. Malamin lakwal a Dungas zai iya kai ɗalibansa su ga fadar da suke karantawa a littafin André Salifou, domin gani ya kori ji. Magajin gari zai iya hana a toshe magudanar ruwa kusa da tsohon gini. Damina ba ta jiran a gama shawara, kuma sauran sorayen Birni da ƙasa ɗaya aka gina su da masallacin da ya faɗi.