Taimakon Mabuƙaci Ma Sai da Ilimi

 

'Yan uwa, duk wanda yake Njamena a watan Oktoba na 2022 bai manta ba yadda kogin Shari da na Logon suka cika suka tumbatsa, ruwa ya ci gidaje a Waliya da kewaye, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. A 2024 ambaliyar ta sake dawowa. Masallatai sun tara hatsi, tabarmi da kuɗi, Allah ya saka. Amma fa mun ga wani abu: wani ya karɓa sau uku, wata bazawara mai marayu kunya ta hana ta fitowa, ba ta samu ko ƙwaya ba. Niyya kam akwai, iya aikin ne ya yi ƙaranci. Ma'aikatan jin daɗin jama'a makaranta suke shiga su koyi wannan aiki, mu ma ya kamata mu san tushensa.

Idan mutum ɗaya ne

Farko shi ne sauraro. Ka ja shi gefe, ba a sahun gaba jama'a na kallo ba. Ka ce, "Malam, me ke tafe da kai?" sannan ka yi shiru. Kada ka tare shi da wa'azi tun bai kai aya ba. In ya gama, ka maimaita masa abin da ka fahimta domin ya gyara maka. Sau da yawa mai neman kuɗin magani, aikin da ya rasa ne asalin ciwonsa. Ka tambaye shi sana'ar da ya iya da dangin da yake da su, ku tsara mafita tare. Abdurrahman ɗan Aufu da ya isa Madina, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa hanyar kasuwa ya nemi a nuna masa.

Sai riƙon sirri. Abin da aka faɗa maka amana ne, ko matarka ba ta da haƙƙin ji. Ɗaukar hoton mabuƙaci a watsa a WhatsApp tozarci ne, ko da sunan neman tallafi, sai in da yardarsa.

Idan iyali ne

Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni, in an ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata, a tayar da mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata. Darasin a fili yake: ba a yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya. Ka ji kowa shi kaɗai kafin ka haɗa su, mace kuma a samu Malama ko dattijuwa ta zauna da ita. Ka tambayi halin yaran, don su ne ba sa iya kawo ƙara. Kuma a lura, inda ake duka ko ana cutar da yaro, "ki yi haƙuri" kawai ba sulhu ba ne. A fara tsare rai da lafiya tukuna.

Idan ƙungiya ce

Zaman zawarawa, matasa ko 'yan adashi yana buƙatar ƙa'ida tun ranar farko: lokacin zama, kowa ya samu bakin magana, abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan. Mai jagora ya rage surutu, ya jawo mai shiru, ya taka wa mai mamaye zance birki cikin ladabi. In gyara ya kama, a yi shi a dunƙule ba tare da kama suna ba, kamar yadda Annabi (SAW) ya saba.

Sanin iyaka

Addu'a makami ce, amma mai zazzaɓi ko taɓin hankali a kai shi asibiti, mace mai naƙuda a garzaya da ita wurin ungozoma ko Asibitin Uwa da Yaro. Rikicin gado da saki kuwa na malaman da suka san fiƙihu ne. Kwamitin masallaci ya ajiye littafi a kulle: wa aka taimaka, da me, yaushe. Bayan mako biyu a koma a duba, don taimakon da ba bibiya kamar shuka ce ba ban-ruwa.

Ɗalibai, ku fara da maƙwabcinku yau. Allah ya sa mu dace, amin.