Makaɗin da ke Bayan Mawaƙi: Littattafan da Suka Kamaci Mai Nazari

Duk wanda ya koyar da waƙar baka ya san yadda darasin yake tafiya. Malami ya rubuta ɗiyan waƙar Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo a allo, a fitar da jigo da salo, a tashi. Ba safai akan tambayi wane ne ya riƙe kotson da waƙar ta hau kansa ba. Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna littattafan da za su taimaki malami ya cike wannan giɓi, a kuma jawo hankali ga yadda masana tarihin kiɗan jaz na Amurka suka fuskanci irin wannan matsala.

A fara da na gida. Littafin da ya kamata a soma buɗewa shi ne Glossary of Hausa Music and Its Social Contexts na David Ames da Anthony King, wanda ya fito a 1971. Ƙamus ne na kalmomin kiɗa, an kasa shi bisa kayan kiɗa, da makaɗa, da iyayen gidansu, da lokutan kiɗa, da yadda ake aiwatar da shi. A nan ɗalibi zai ga bambancin taushi da kotso, da matsayin sanƙira da 'yan amshi, da ƙananan ganguna irin su kuntuku da kazagi waɗanda aikinsu riƙe kiɗa ne domin babbar ganga ta sami sararin magana. Kafin wannan, a 1957, M. G. Smith ya buga maƙala a mujallar Africa a kan roƙo da ma'anarsa a zaman Hausawa, inda ya bayyana dangantakar maroƙi da ubangidansa.

Mai son sanin abin da ya gabata sai ya nemi Music and the Islamic Reform in the Early Sokoto Empire na Veit Erlmann, na 1986, wanda ya tattara abin da shugabannin jihadi suka rubuta da Larabci game da hukuncin kiɗa. Wannan littafi ya shafi mutanen gabashin Sakkwato ƙwarai, domin a Wurno ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, a can kuma aka binne shi a 1837. Fremont Besmer kuwa, a cikin Horses, Musicians and Gods na 1983, ya zauna da masu goge da masu garaya na bori a Kano, ya rubuta yadda suke koyon sana'ar da yadda suke gudanar da ita. Da Hausa akwai Makaɗa da Mawaƙan Hausa na Sa'idu Muhammad Gusau, da Shata Ikon Allah! na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2006, shekara bakwai bayan rasuwar Shata.

Waɗannan duka aikin ƙwarai ne. Amma fa mafi yawan abin da muke rubutawa a sassan Hausa ya karkata ga lafazin waƙa da tarihin shugaban ƙungiya, don kuwa lafazi shi ne abin da alƙalami ya iya kamawa. Ga mai ilmin harshe wannan hasara ce babba. Hausa harshe ne mai karin sauti: da kari ake rarrabe kukan yaro da kukar miya, ko da yake rubutunsu ɗaya. Mai kalangu yakan matsa tsarkiya a hammata ya ɗaga murya, ya sassauta ta sauka, ta haka yake bin hawa da saukar kalmomi, da tsawo da gajartar gaɓoɓi, har mai take ya ji takensa ba tare da wani ya buɗe baki ba. Ashe ke nan makaɗi masanin karin harshe ne, sai dai iliminsa a yatsu yake. In ya rasu ba a ɗauke shi ba, ya tafi da abinsa.

To, ga inda labarin jaz ya shigo. Wannan kiɗa ya tashi ne a tsakanin baƙaƙen fatar birnin Niyu Olins a farkon ƙarni na 20, aka fara sa shi a faifai a 1917. Buddy Bolden, mai busa, wanda ake lasaftawa cikin magabatan kiɗan, ya rasu a 1931 ba a sami faifansa ko ɗaya ba. Sai da Donald Marquis ya bi takardun hukuma da bakin tsofaffi kafin ya fitar da In Search of Buddy Bolden a 1978. Mai neman tarihin gaba ɗaya ya fara da The Story of Jazz na Marshall Stearns, na 1956, sa'an nan Early Jazz na Gunther Schuller, na 1968, wanda ya bi faya-fayen farko yana fayyace ginin kiɗansu.

Wanda ya fi kama da makaɗinmu a cikinsu shi ne mai bes, wato wani ƙaton goge mai tsarkiya huɗu wanda akan kaɗa da yatsa a tsaye. Shi ke riƙe da awon kiɗa, amma a baya yake tsayawa, kuma na'urorin ɗaukar murya na kafin 1925 ba su iya kama kaurin sautinsa sosai. Duk da haka an nemi masu bes an ji ta bakinsu. Pops Foster, wanda aka haifa a 1892, ya ba Tom Stoddard labarin rayuwarsa, littafin ya fito a 1971, shekara biyu bayan rasuwarsa. A shekarar nan kuma Charles Mingus ya fitar da nasa, Beneath the Underdog. A 2002 John Goldsby ya jera tarihin masu bes da salonsu a cikin The Jazz Bass Book, har da Jimmy Blanton, wanda ya shiga ƙungiyar Duke Ellington a 1939, ya rasu a 1942 yana da shekara 23, bayan ya nuna cewa bes ma yana iya yin magana da kansa.

Akwai kuma littattafai biyu da suka haɗa ɓangarorin nan. Paul Oliver a cikin Savannah Syncopators na 1970, da Gerhard Kubik a cikin Africa and the Blues na 1999, sun kawo hujja cewa tushen waƙar bulus, wadda jaz ya ɗebi abu mai yawa daga gare ta, ya fi kusa da kiɗan tsarkiya na ƙasashen Sudan irin namu fiye da gangunan bakin teku. Kubik har ya gwama gogen wani Bahaushe da ya ɗauka a Kamaru da kiɗan wani mawaƙin Misisipi. Ra'ayi ne da masana suke muhawara a kai, mai karatu ya auna shi da hankali.

Abin koyi a nan shi ne hanyar aiki. A 1938 Alan Lomax ya zaunar da Jelly Roll Morton a gaban na'ura yana kiɗa yana ba da labari, daga nan aka sami Mister Jelly Roll na 1950. A 1958 Jami'ar Tulane ta buɗe ma'ajiya ta hirarraki da tsofaffin makaɗa, manya da ƙanana. Mu kuwa Salihu Jankiɗi ya rasu a 1973, Musa Ɗanƙwairo a 1991, waɗanda suka yi musu kiɗa da amshi kuma kullum raguwa suke yi.

Saboda haka shawara ga malaman kwalejoji ita ce: ɗalibin da ya fito daga Maikujera ko Rabah ko Wurno ko Goronyo, in zai tafi hutu, a ba shi aiki ya nemi tsohon makaɗin noma ko na fada a garinsu. Ya tambaye shi wa ya koya masa, da wa suka yi kiɗa, yaya ake haɗa gangar, ya roƙe shi ya kaɗa kowane take sa'an nan ya faɗi ma'anarsa da baki. Wayar da ke aljihun ɗalibin ta isa ta ɗauki wannan. A rubuta suna da gari da rana, da yardar makaɗin, a ajiye a sashe. Da irin waɗannan hirarraki ne wata rana za a rubuta littafin mai kotso kamar yadda aka rubuta na mai bes. Allah ya sa mu dace.